Sifirin Biyu a Kwanon Kaka

Abin da na fara lura da shi da muka shigo layin shi ne motar Kaka ba ta wurinta. Tun da na yi wayo a ƙofar gida take kwana, gefen dakali, hancinta yana kallon masallaci. Ranar kuwa tabarmi ne a shimfiɗe a wurin, maza suna zaune, takalmansu a tare a bakin kwata. Ta gefen wata tabarma na hango baƙin tabon mai a ƙasa. Buhun da yake zama a kai in yana aiki an naɗe shi an jingine a bango.

Ranar Alhamis ce. Daga aji aka kira ni, ko kayan makaranta ban cire ba, amma kafin mu iso daga Kwaciri har an kai shi an dawo. Ban gan shi ba. Kaka mahaifin Umma ne. Babana yana Legas a lokacin, sai saƙo aka aika masa.

Na sunkuyar da kai na raɓa ta gefen maza zan shiga zaure, ina jin abin da suke faɗa. Liman yana cewa shekara da shekaru in ya sallame ya waiwaya, Kaka yana nan a sahun farko. Wasu tsofaffi uku da suka yi aiki tare da shi a ma'aikata suna cewa ya tuƙa manya iri-iri, bai taɓa buge ko akuya ba. Can gefe direbobin tasi ne, su biyar ko shida, sun zo tare, ba su san kowa a gidan ba. Sun yi addu'a sun tashi, sai guda ɗaya mai furfura a gemu da ya zauna har aka kira magariba.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Inna, kakata, tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe, carbi a hannunta amma ba ta ja. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Inna, ya haƙuri?" Ita kuma ta ce, "Mun gode Allah." Daga nan sai a ce mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Gaskiya suke faɗa. Amma na ji "mutumin kirki" a kwana ukun nan har na fara ganin kamar wani tsohon daban ake nufi, wanda zai iya zama kakan kowa. Shi ya sa na samo littafi nake rubuta wannan. Ban iya magana a cikin mutane ba, amma ina gani, kuma abin da na gani ba na so ya tafi tare da shi.

Bayan la'asar aka tura ni wanke-wanke, domin duk wani kwano da ke gidan an fito da shi saboda baƙi. A cikin tarin na ga kwanon Kaka, ɗan shuɗi mai ɓantalallen baki. Ba kwanon abinci ba ne. Na aiki ne, a cikinsa yake zuba duk abin da ya kwance daga jikin birki. An riga an ci dambu a ciki.

Goggo, ƙanwar Kaka da ta zo daga Dambatta, tana kusa tana raba abinci. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na ce, "Goggo, a ina aka ɗauko wannan?"

"A zaure na gan shi, duk baƙin mai. Sai da na sa toka. Wasu 'yan ƙarafa ne a ciki, na watsar can."

Ta nuna bakin magudana da haɓa, ta ci gaba da rabonta. Na tsuguna kamar ina ɗauraye hannu, na lalubo su a cikin ruwan wanke-wanke. Sifirin ne guda biyu ƙanana, irin naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen nan mai lotsawa, kowanne da 'yar ƙusarsa da ɗan murfinsa. Na san su. Su ne suke danne takalmin birkin baya a mazauninsa. Na ɗaure su a gefen hijabina.

Ina nan tsugune na ji muryar Kawu, yayan Umma da ke aiki a Kaduna, yana gaya wa Goggo kada ta damu da zuwa tasha. Ranar Asabar in an yi addu'ar uku shi da kansa zai mayar da ita Dambatta, ita da sauran tsofaffin da suka zo tare, a motar marigayi.

Ya kamata in yi bayanin abin da ya sa wannan magana ta tayar mini da hankali.

Kaka ya bar aiki tun ina firamare, kuma motar a wajen gwanjon ma'aikatarsu ya same ta. In injin ya yi gardama yakan kai gareji. In fitila ta ƙi, ya kira mai wayarin. Birki ne kaɗai bai yarda wani ya taɓa masa ba. Yakan ce, "Injin in ya ƙi, a gefen titi za ka tsaya. Birki in ya ƙi, ba kai za ka zaɓi inda za ka tsaya ba."

Ranar Asabar nakan zo gidan in wuni, in zauna a bakin zaure da littattafaina. Ba ya sa ni komai, ni ma ba na tambaya. Kallo nake. Da farko ya tokare tayoyi da duwatsu. Ya sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa, sannan ya ɗaga jak, ya tura guntun kututture a ƙarƙashi, domin a cewarsa jak ba ya riƙon amana. Sai ya aje kwanon nan a hannun damansa.

Na birkin tayar gaba, wanda ake kira fad, bai fi sabulun wanka girma ba. Yakan ciro shi ya ɗora tsinken ashana a gefensa. In abin da ya rage na kauri bai wuce tsinke biyu ba, ya gama aikinsa. Na baya shi ya fi ɗaukar lokaci. Sai an zare duram, wato kaskon ƙarfen da ke bayan taya, sannan a ga takalman birki guda biyu, lanƙwasassu kamar yankan kankana, sifirin manya da ƙanana sun ɗaɗɗaure su. Baƙar ƙurar da ke ciki ba ya hura ta da baki yadda ake yi a gareji. Tsumma yake jiƙawa ya goge, ya ce ƙirjin mutum ba kwandon shara ba ne.

Dokokinsa ba su da yawa. Ba ya canza ƙafa ɗaya ya bar 'yar uwarta, domin mota za ta riƙa fizga gefe in an taka. Kuma ba ya kwance ƙafa biyu lokaci guda. Sai ya buɗe duka, ya bar ɗaya a haɗe, ya riƙa zagayawa yana leƙawa yana dawowa. "Wancan shi ne allona," in ji shi, "daga shi nake kwafa." Shekara arba'in yana wannan aiki, amma ko sau ɗaya ban ga ya ce ya haddace ba.

Ta ƙarshe ita ce ta kwano. Mota ba ta sauka daga jak sai kwano ya koma wayam. In ya gama sai ya ɗaga shi ya kife, ya ƙwanƙwasa gindinsa da sifana, ya juyo wajena.

"Mai shiru, kin shaida?"

In gyaɗa kai.

"Ba a shaida da kai. Alƙali ba ya jin gyaɗa kai."

In ce, "Na shaida," can ƙasa-ƙasa. Sai ya yi dariya ya saki jak.

A wannan shekarar da soja suka miƙa mulki, bangon Fagge ba masaka tsinke saboda hotunan 'yan takara. Da aka gama zaɓe Kaka ya bi bangon gidanmu ya ɓamɓare su a hankali, ya tara. A kansu yake jera sifana da filaya don kada su sha ƙasa. Wata Asabar maƙwabcinmu tela ya leƙo daga shagonsa ya ga an ɗora gwangwanin giris a kan fuskar gwaninsa.

"Haba Malam, ai wannan shi ya ci."

"To ai ga shi ya kama aiki."

Tela ya ce yanzu dai ƙasa za ta gyaru, an dawo hannun farar hula. Kaka bai ɗago ba. Yana goga sanfefa a cikin duram ya ce, "Allah ya sa. Ni na tuƙa soja, na tuƙa farar hula, na sake tuƙa soja. Dukkansu a kujerar baya suke zama, kuma dukkansu sauri suke cewa a yi." Bai faɗa da fushi ba. Kamar mai ba da labarin hanyar da ya gaji da bi ya faɗa.

Abu ɗaya ne ba ya iya yi shi kaɗai, wato fitar da iska daga man birki. Dole wani ya zauna a kujerar direba yana taka birki, shi kuma yana ƙasa yana buɗe ɗan noti yana rufewa. Inna ce mai wannan aiki. Ba ta taɓa tuƙa mota ko taku ɗaya ba, amma ta yi shekara da shekaru tana zama a bayan sitiyari. Takan yafa mayafi ta fito, ta cire takalminta a bakin ƙofar mota kamar za ta shiga ɗaki.

"Taka. Ƙara. Ƙara. Riƙe."

"Na riƙe."

"Kin saki."

"Ban saki ba."

"Ai ga shi ina gani."

"Kana ƙarƙashin mota kake ganin ƙafata?"

Kullum haka suke. Sau ɗaya ne abin ya zama rigima ta gaske. Mutane suna wucewa za su masallaci, sai ya ce ƙafarta kamar ta kaza, ba nauyi. Wani ya yi dariya. Inna ta fito daga motar, ta sa takalminta, ta shige gida. Mota ta kwana biyu a kan kututture. Tela ya ce bari ya taka masa, ai shi taka keken ɗinki ne sana'arsa. Kaka ya ce a'a, ƙafar wani bai san nauyinta ba. A rana ta uku ya tafi Kasuwar Sabon Gari a ƙasa, ya dawo da sabon silifas a leda, ya aje a ƙofar ɗakinta. Sai bayan azahar ta fito sanye da shi. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta leƙo ta taga ta ce, "Kazar ta zo."

Kayan birki kuwa wajen mutum ɗaya yake saya, wani tsoho ɗan Kudu mai shago a Sabon Gari, wanda ya zo Kano tun yana saurayi. Mu jikoki Baban Sabon Gari muke ce masa. Bakanike ne a da, ciwon baya ya sa ya koma sayar da kaya. Wani lokaci Kaka yakan tafi da ni, mu bi ta Bata a ƙasa, ina riƙe da gefen rigarsa saboda cunkoso. Da mun isa Baban Sabon Gari zai miƙe.

"Injiniya ba takarda. Motar ba ta mutu ba har yanzu?"

"Sai ta ga bayan shagonka. Kawo takalmin baya."

Ya miƙo kwali. Kaka ya fito da su, ya kankari fuskar da farce, ya buga ɗaya a jikin ɗaya ya kasa kunne, har shinshinawa yake yi.

"Jabu."

"Yaya, wannan jiya ya sauka daga jirgi."

"To ya koma jirgin."

Sai Baban Sabon Gari ya girgiza kai, ya ce wannan tsoho zai kashe masa kasuwa, ya shiga can ciki ya ɗauko wani kwalin daga ƙarƙashin benci. Daga baya na gane na farkon da gangan yake miƙowa, don ya ji an ce jabu. Ni kuma ya sa a kawo mini lemon kwalba, ya ce, "Jikata, yau ma ba za ki gaishe ni da murya ba?"

Direban tasin nan mai furfura da ya zauna har magariba, na san dalilinsa. Shekaru uku da suka wuce ya sauke fasinja a layinmu, da ya taka birki sai motar ta yi wani ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti. Kaka yana dakali ya taso ya tare shi, ya ce fad ɗinsa ya cinye, ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Mutumin ya ce tsoho ya kama gabansa, shi yana da iyali da zai ciyar. Kaka ya ce waɗanda ke bayan motar ma suna da iyali. Direban ya ja mota ya tafi yana ƙunƙuni. Washegari da sassafe sai ga shi ya dawo da fad a leda, ya tsaya nesa yana sosa ƙeya. Kaka bai tuna masa jiya ba. Jak ya ɗauko. Ya ce shi ba zai taɓa ba, mai mota ne zai yi da hannunsa, shi zai zauna ya faɗa masa. Sun kai azahar. Daga nan ne direbobin tasi suka san ƙofarmu.

A 'yan watannin ƙarshe gwiwoyinsa sun ƙi. In ya tsuguna sai ya kama bambar mota sannan ya miƙe, wani lokaci sai ya gwada sau biyu. Aikin da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi la'asar. Umma ta sha cewa, "Baba, don Allah ka kai gareji." Ya ce, "Wannan ne na ƙarshe." Ya faɗi haka a birkin gaba, ya faɗa a man birki. Wata rana na ga ya zauna a kan buhunsa, filaya a hannu, ya daɗe yana kallon cikin ƙafar motar bai taɓa komai ba. Da ya lura ina kallonsa sai ya ce, "Gajiya ce kawai, Mai shiru. Kada ki kai rahoto." Ban kai ba. Har yanzu ina tunanin ko da na kai.

Yadda abin ya faru ranar Alhamis, daga bakin tela na ji, yana ba wasu labari a zaure ina wucewa da buta. Ya ce tun safe Malam yake kan takalman baya. Ya gama ƙafar hagu, ya mayar da taya. Yana kan ta dama sai ya jingina da bango ya ce a ba shi ruwa. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

"Ga mutane suna ta zuwa, ga mota a kan jak ta tare ƙofa," in ji tela. "Na leƙa na ga ai ya ma gama, sababbin takalma a ɗaure tsaf. Sai na kira mutum biyu muka mayar da kaskon, muka ɗaura taya, muka tura ta bayan masallaci. Ko minti goma ba mu yi ba."

Aka ce Allah ya saka masa da alheri. Kuma alherin ya yi niyya. Ba wanda ya duba kwano, don ba wanda ya san ana dubawa.

Da na tashi gaya wa manya, na fara da Umma. Ranar Juma'a da safe na same ta a madafa, idanunta sun kumbura, tana auna shinkafa tana mantawa da inda ta tsaya. Na kwance hijabi na nuna mata.

"Mene ne wannan kuma?"

"Na motar Kaka ne. Na birki."

"To ki aje masa a..." Ta goge fuska da gefen zani. "Ki kai wa Kawunki. Ni kaina ba ya ɗaukar komai yau."

Sai da na yi sallama sau uku a raina kafin na iya tsayar da Kawu, bayan an sauko daga Juma'a, yana shigowa zaure da baƙi biyu a bayansa. Na durƙusa na buɗe tafin hannuna. Na ce na birkin baya ne, a kwano aka same su. Muryata ba ta fita sosai ba, sai da ya sunkuyo.

Ya ɗauki ɗaya ya juya. "Tsofaffin da ya cire ne."

"Ba ya canza su, Kawu. Wankewa yake ya mayar."

"Ke kika ɗaura masa?" Baƙin suka yi murmushi. Shi ma ya yi, ba da mugunta ba. Tun jiya bai runtsa ba, ga shi shi ne babba yanzu, kowa shi yake nema. "Ɗazu na tayar da ita, na zagaya layi. Birki yana ci kamar sabuwa. Kin ji? Je ki taya su aiki."

Ya mayar mini da shi a hannu ya wuce. Na san zai ci a layi. Manyan sifirin suna nan, za su riƙe takalman na ɗan lokaci. Na taɓa jin Kaka yana gaya wa direban tasin nan cewa waɗannan ƙananan ba a sanin amfaninsu sai an shiga rami da gudu, takalmi ya goce daga mazauninsa, taya ta cije ko birki ya tafi gaba ɗaya. Hanyar Dambatta kuwa ba layinmu ba ce. Duk wannan yana cikin kaina a jere, amma bakina bai kawo ko ɗaya ba.

Na je ɗakin Inna. Na san in ta ce kada a taɓa motar, ba mai taɓawa. Na tarar matan sun fito da ita daga ƙurya sun kwantar, barci ya ɗauke ta karo na farko tun ranar Alhamis, bakinta a ɗan buɗe, carbin ya zame ƙasa. Goggo ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna mini ƙofa. Na tsaya ina kallon Goggo, da 'yar jakarta da ta riga ta haɗa ta aje a gefen gado. Sai na fita.

Na koma bakin rijiya na ci gaba da wanke-wanke. Hannuna ya yi fari ya tattare. Na gaji da kwanuka, na gaji da gaisuwa, na gaji da ɗan nauyin sifirin nan na gefen hijabi da ke bugun ƙirjina duk lokacin da na sunkuya. Har na fara ce wa kaina wataƙila Kawu ne da gaskiya, ni wace ce.

Bayan la'asar aka ce in kai ruwa waje. A nan na ga Baban Sabon Gari. Ya zo jiya, ga shi ya sake dawowa. Yana zaune a ƙarshen tabarma, ya miƙe ƙafa ɗaya saboda bayansa, hularsa a gwiwa. In an ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya sunkuyar da kai. Da ya tashi tafiya na aje butar, na bar shi ya yi nisa kaɗan, sannan na bi shi. Ban taɓa bin wani a titi ba.

A bayan masallaci na same shi. Ya tsaya a gaban motar, ya ɗora hannu a kan bonet.

"Baba," na ce.

Ya juyo. "Jikata. Yau da murya?"

Na kwance hijabin. Bai tambaye ni mene ne ba. Ya ɗauke su duka biyu, ya kai kusa da ido, ya shafa da babban yatsa.

"An wanke su da kananzir. Ina kika samu?"

Na faɗa masa. Kwano, Goggo, tela, ƙafar dama. Na faɗa masa gobe in an shafa addu'a Kawu zai ɗauki tsofaffi biyar zuwa Dambatta. Ban san ina da magana mai tsawo haka ba. Bai katse ni ba.

"Ranar Laraba ya zo ya karɓi takalman," in ji shi. "Na ce, Yaya, bari in zo in ɗaura maka, ka ga yadda kake numfashi. Ya ce in bari sai ranar da ya mutu." Ya kalli tayar. "Kin gaya wa Kawunki?"

"Ya ce ya gwada, yana ci."

"Zai ci." Ya zuba su a aljihun gaban rigarsa ya sa maɓalli. "Aikin rabin awa ne. Gobe zan zo da jak ɗina. Amma kin san Kawunki bai san ni sosai ba. Ana cikin makoki in je in ce masa motar ubansa ba ta da lafiya, zai ga kamar ciniki na zo nema. In ya ce a bari sai ya dawo, ba ni da bakin magana."

Na kalli masallacin, na kalli lungun da motar take, inda ba a hango ta daga ƙofar gida. Tunda na riga na fara, sai na ƙarasa.

"Baba, don Allah kada ka tambaye shi. Ka zo suna sallar asuba, ka cire tayar tukuna. In sun fito sai ka gaishe shi, ya gani da idonsa."